Yadda Ake Shirin Hawa Duwatsun Nepal Daga Sri Petaling

'Yar'uwa, ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ni na tsaya miki: ranar da aka buɗe iyakoki, ƙafarki na kan dutse. Na karanta littattafai da yawa a kan harkar, kuma duk marubutansu sun dawo da rai.

Mataki na 1: Ki yi alkawari

Ƙawarki Mirabel, 'yar Jos, ta tsara tafiyar: mota daga Kathmandu har inda kwalta ta ƙare, daga nan sai ƙafa, ƙauye bayan ƙauye, ana kwana kusa da gidajen ibadar mabiya Buddha. Ki ce kina ciki. Korona ta kulle kowa a gida, alkawari bai taɓa araha kamar yanzu ba. Abu ɗaya ya rage, izinin Umma da ke Kano. Ita kuwa a duk faɗin Malesiya maganar mutum ɗaya take ji: Yaya Fatihu, wanda kike zaune a gidansa a unguwar Sri Petaling.

Mataki na 2: Ki koyi ladabin mutanen can

A hanyoyinsu akwai katangun duwatsu da aka sassaƙa addu'o'insu a jiki, kuma ba a wuce su sai suna hannun damanki. Teburin falo ya ishe ki gwaji. Shayinsu da gishiri da man shanu ake sha, sai ki haɗa ki kurɓa da murmushi. In Anti Saudatu, matar Yaya, ta tambayi inda man shanun da aka aiko mata daga gida ya shiga, ki ce ilimi tsada gare shi.

Mataki na 3: Ki karɓi sharaɗi

Yaya zai yi dariya. "Ke da ko tapau ɗin roti, ɗan sayo gurasar nan a ƙasan bene, sai kin jira lif? To, ki hau matattakalar benen nan tun daga ƙasa har ƙofarmu da jaka a baya. In kin yi, da kaina zan kira Umma."

Ki ce, "Boleh," wato "zan iya" da yaren Malesiya. Kar ki ƙara komai.

Mataki na 4: Ki saurari jikinki

Kan ki kai hawa na huɗu za ki tuna a can ƙololuwa kuke. Masana sun ce mai hawan dutse na gaske ba ya jayayya da jikinsa, naki kuma lif yake so. Ki koma ƙasa ki shiga, ki fito saura hawa ɗaya. Ki yayyafa ruwa a hijabi, ki ƙarasa kina haki har takunkumi na shiga baki yana fita. Ki ɗan ƙara da tari don ado.

Mataki na 5: Ki tsaya kan bakanki

Tsohuwar da ke maƙwabtaka da ku za ta leƙo, ta ji tarin, ta maida ƙofa da sauri ta kira mai gadi. Zai zo ya tsaya nesa da ke, na'urar auna zafi a hannu.

Yaya zai ce masa, "Ba komai, matattakala ta hawo."

"Wace matattakala, lah? Ni na danna mata lif," in ji mai gadi.

Yaya zai juyo a hankali. "Kausar." (Ko dai duk yadda sunanki yake.) "Ƙarya kika shirya min, ko ciwo ne?"

Maƙaryaciya ba ta zuwa Nepal. Ki dafe ƙirji ki ce ciwo ne. Za a zura miki tsinke a hanci har sai kin hango kakanninki, a ɗaura miki awarwaron killacewa ruwan hoda a hannu, Anti ta riƙa ajiye miki abinci a bakin ƙofa da sandar tsintsiya.

Mataki na 6: Ki girbi sakamako

Gwaji zai nuna ƙalau kike. Yaya mutum ne mai cika magana ko da ba a cika masa ba, zai kira Umma ta bidiyo, ya ba ta labari tiryan-tiryan, yana cije leɓe.

Umma za ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar. "Fatihu, wadda lif ma yake sa ta haki, ita ce za ta je inda iska ba ta isar mutane? Ko ɗan shagon nan na bakin titi da kuke cewa kedai kar ka bar ta ta je ita kaɗai."

Gargaɗi: Mai wannan rubutu ba ta da hannu a ciwon hanci, ko fushin matar yaya, ko hotunan da Mirabel za ta turo miki daga kan dutse. Duk mai ƙorafi ta same ni a ɗaki. Nan nake kullum, an hana ni fita.