Ranar da Na Aske Kan Malam

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo neman auren 'yata Hajara ba, ko da ina son in manta, mutanen layinmu a Karmo ba za su bari ba.

Abin ya faro ne daga makarantar yaƙi da jahilci. Malamarmu ta yi mana darasi a kan tattali, ta ce kowace mace ta duba gidanta ta ga inda kuɗi ke zurarewa. Na koma gida na duba sama na duba ƙasa, idona bai sauka ko'ina ba sai a kan Malam, maigidana. Mai askin layinmu ya ƙara kuɗi, in babu wuta kuma ya ce a biya na man janareto. Duk wannan a kan gashin da rabinsa ya riga ya tafi da kansa.

Ni kuwa sana'ata farfesun kai da ƙafa. Shekara da shekaru ina babbake kan rago in kankare shi tas. Sai na ce a raina, to kai ai kai ne. (Ku lura da wannan tunanin, daga nan komai ya lalace.)

Ranar kasuwa na sami aska a wajen mai sayar da kwaɗo da abin yanke farce. Iri biyu gare shi. Na tambayi bambancinsu, ya ce, "Madam, duk aski suke yi." Na ɗauki mai arahar, har ina jin daɗin na iya ciniki. Na haɗa da sabulun salo, na zare tsohon belet ɗin Malam don wasa ta, kamar yadda na ga wanzaman garinmu suna yi. Na gwada a kawunan rago biyu, babu wanda ya yi ƙorafi.

Ranar neman auren ta zo. 'Yan'uwan Malam duk suna can garinsu, nesa, don haka shi da kansa zai karɓi baƙin. Manyan mutane ne kuma, an ce mana baffan yaron, wani Alhaji, ba ya raina abin dubawa, ya taɓa fasa neman aure saboda bai ji daɗin tarbar da aka yi masa ba. Hajara kuwa tana son yaron nan, tun safe take share gidan da ta riga ta share.

Malam ya sa takalmi zai je aski. Na ce, "Malam, zauna mana. Yau a gida za a yi."

Ya dubi askar, ya dube ni. "Kin taɓa yi?"

"Sau nawa kuwa."

Ban yi ƙarya ba. Bai dai tambayi kan wa ba.

Ja na farko ya tafi lafiya, tun daga goshi har tsakiya, hanya fes. Har na fara tunanin yi wa maƙwabta a kan farashi mai sauƙi. Abin da ban sani ba shi ne kan rago ba ya atishawa. Kumfa ta shiga hancin Malam, ya saki wata irin atishawa, aska ta sauka bayan kunne. Na ce sannu, na manna auduga. Muka ci gaba. Kafin in kai ƙeya askar ta dakushe, ta koma tuge gashi. Na goga ta a belet, ta yanke belet ɗin (shi kaɗai ne abin da ta yanka da kyau a ranar). Nan gashi, can fili, can auduga. Kan Malam ya zama kamar gonar da awaki suka shiga.

Hajara ta leƙo, ta dafe ƙirji. "Umma, me Baba ya yi miki?"

Kafin in amsa aka yi sallama a ƙofa. Malam ya ɗauki hularsa ya danna ta har kunnuwa, ya fita da fara'arsa.

Zance ya yi daɗi. Ina bayan labulen kicin ina ji, ina yi wa hular nan addu'a. An gaisa, an ci, an fara shiga maganar da ta kawo su. Na ce shi ke nan, mun tsira. Sai aka kira sallar La'asar.

Duk lissafina na tattali bai kai ga alwala ba. Aka jera butoci a tsakar gida, dab da kicin ɗina. Malam ya wanke fuska, ya wanke hannuwa, ya tsaya jim, sannan ya cire hular don shafar kai.

Kowa ya zuba wa kan ido.

Alhaji ne ya fara magana. "Subhanallahi. Malam, ƙaho aka yi maka? Ciwon kai ne?"

Malam ya ce, "Uhm," ya sunkuyar da kai. Bawan Allah, ya samo mana mafita, kowa ya shiga yi masa sannu. Da na yi shiru, da an tashi a haka.

Amma Alhaji ya matso ya ƙara dubawa. "Kai, wane wanzami ne wannan? Ai wannan mahauci ne. Ko kan akuya ba zan ba shi ba."

Malam ya ce, "Wallahi Alhaji, bai san aikinsa ba ko kaɗan."

Ni da ake cewa sai an kasa kunne ake jin muryata, ban san lokacin da na ɗaga labule ba, da ludayi a hannu.

"Ai askar ce ba ta da kyau! Kuma shi ne ya yi atishawa!"

Maza duk suka juyo. Daga ɗaki na ji Hajara ta ce, "Wayyo Umma." Na saki labulen a hankali, na tsaya a bayansa ina kallon tukunya, ina tunanin yadda zan gaya wa yarinyar nan cewa na aske mata aure.

Sai Alhaji ya tuntsire da dariya, har ya zubar da ruwan butarsa. Da ya samu numfashi ya ce, "Malam, mutumin da aka yi wa haka ya fita yana rufa wa iyalinsa asiri, gidansa ake neman aure. Mun gani, muna so. Roƙonmu ɗaya ne, in an tashi kayan ɗaki, kada a sa aska a ciki."

An ɗaura auren. Har yau in surukina ya zo gaishe ni, yana durƙusawa ne hannunsa ɗaya a kan hula.

Askar tana nan, ta koma wajen raguna, inda ake ganin darajarta. Malam kuwa duk sati ni ke miƙa masa kuɗin aski, har da na man janareto, ba na ko tari. Abin da na koya shi ne, in kin yi ɓarna Allah ya rufa miki asiri, ki ji ana zagin wanda ya yi ta, to ki riƙe ludayinki ki taya su da "Allah ya shirye shi."