Inbata Ta Ƙi Rabin Wuta

"...ya ƙarfin jikin kuma, Angona? Ka tashi, ko har yanzu barazanar kake mana?"

"Na tashi, mummuna. Na san kin ƙagu in tafi ki auri yaro."

Babbar jikar Tsoho ce, wadda yake kira Amarya, ta biyo duba shi da hantsi. Tun da aka sallamo shi daga asibiti, da injin iska yake numfashi, robar injin na maƙale a hancinsa. Injin kuwa a kan inbata yake, na'urar da ke ba gidan wuta daga batira, can a lungun falo. Tsoho da taurin kai ba a magana. Ta same shi ya kunna fanka da talabijin, butar shayi na tafasa, inbata kuma sai ƙara take, tit-tit-tit. Ta leƙa fuskar inbatar. Sanda ɗaya ta rage a batir.

"Wa ya ce ka kunna duk waɗannan?"

"An kawo wuta mana! Leƙa shagon mai aski, ga ƙwan fitilarsa can a kunne."

"Wannan jan garwashin kake kira wuta? Rabin wuta ce, ba ta da ƙarfi. Inbata ba ta karɓar irinta, sai ta yi zamanta a kan batir. Tun safe batirinka kake sha."

"Au, zaɓe take? Halinki ta ɗauko. A kawo muku abu ku yatsine fuska."

"Da ina zaɓe, da na tsaya a kanka? Ko haƙori babu."

Baki na zolaya, hannu na aiki. Ta bi soket ɗaya bayan ɗaya tana cirewa, har firji bai tsira ba. Ta kira ƙanenta a waya ta ce ya taho da tukunyar iskar numfashi maza, ya ce hanya a cushe take amma yana tafe.

"Ki juya abin can ki haɗa ni da layin waje kai tsaye," in ji Tsoho. "Ni ba na raina kaɗan."

"In ƙona maka injin? Rabin wuta ita ke cinye shi. Sai ka dawo kana numfashi da me, da surutu?"

"Ni da na yi shekara tamanin ina shaƙar iska kyauta!"

"Shi ya sa ka ƙarar da rabonka."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Amarya ta tallafo kansa tana gyara masa robar, gaskiya ta tsorata. Da ya lafa ta koma lungun, sai ta tarar inbata ba ta daina ƙara ba. Alamar fuskarta na nuna har yanzu akwai wani babban abu da ke jan wuta.

"Angona, me ka ɓoye?"

"Sharri za ki fara?"

"Na kashe komai a gidan nan, amma wani abu na zuƙar batir. Me ya sa ka ƙudundune a bargo kamar kaza a kan ƙwai?"

"Kunyarki nake ji."

"Kaka." Wannan karon babu wasa a muryarta. "Don Allah."

Ya dube ta, ya kau da kai. Sannan a hankali ya ɗaga gefen bargon da ya zubo ƙasa. Ƙaramar hita ce a gindin gado, tana hura masa zafi a ƙafa. Amarya ta fizge wayar. Inbata ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru, ɗakin ya rage sai hucin injin iska.

"Sanyi suke yi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Tun jiya ba na jin yatsun. Ban faɗa wa kowa ba."

Ta zauna a bakin gadon, ta ɗora ƙafafun a cinyarta tana murzawa, idonta a ƙofa.

"Kai, wannan ai busasshen itace ne."

"Na ba ki hitar, ki ƙara a kayan ɗaki," ya ce yana dariya da ƙyar. "Kin ci yau, mummuna. Amma kar ki tashi sai yaron nan ya iso."