Sarkin da Ya Fita Yaƙi da Damina

"Ya hanya, Amarya? Jakin da ya ɗauko ki ne ya mutu kika ƙaraso da ƙafa?"

"Lafiya lau, Maigida. Na same ka yadda aka ce, a zaune kamar kaza mai kwanci."

Inna Altine ta gyara mayafi ta zauna a bencin shagon. Tun daga Madadi ta taso don jikanta Tasi'u, wanda ya taɓa durƙusawa ya tsince mata 'ya'yan carbi ɗaya bayan ɗaya ranar da zaren ya tsinke. Yana aikin buga wa mutane takardu da kwamfuta a wani shago kusa da tashar Gwarzo. An kai wa ubansa, Malam Haladu, labarin cewa caca yake yi a cikin na'urar, ga shi a makon nan 'yan Hisba suka watsa masu karta a bayan kasuwa. Uban ya ce in gaskiya ne, Tasi'u zai bar shagon ya koma Madadi ya riƙe fartanya. Ita kuwa ta ce a bari ta gani da idonta tukuna.

"Wane ne wannan da ke yawo a ɗakin mutane?" ta nuna gilashin kwamfutar, inda Tasi'u ke wani wasa.

"Ni ne. An kashe mai gidan, ina binciken wanda ya kashe shi."

"Ka yi sallama da za ka shiga?"

"Ba a sallama a nan, tsohuwa."

"Gidan rasuwa, ba sallama, ba ya haƙuri, ba Allah ya jiƙansa, sai buɗe akwatuna. Me ka zura a aljihu yanzu?"

"Makulli ne da wasiƙa."

"An raba gadon ne?"

"Shaida nake tarawa."

"Haka kowane ɓarawo ke cewa. Da a garin nan ne, da yanzu kana gaban alƙali, ni kuma in ce ban taɓa ganinka ba, balle aure."

"Ke dai tsoronki kada a taɓa hannun da ke ba ki goro."

"Wane goro? Rabona da goronka tun fetur yana da arha. Faɗa mini, nawa ake zubawa kafin a fara?"

"Ko kwabo."

"In ka ci, me ake ba ka?"

"Ba komai. Sai a ce ka yi nasara."

"Ashe ɗan caca ma ya fi ka hankali, Allah ya yafe mini. Shi ko banza yana sa ran wani abu."

Tasi'u ya yi dariya. Ya san abin da ya kawo ta. Ya danna, ɗakin ya ɓace, taswira ta fito da koguna da ganuwoyi.

"Ga wanda zai sa ki daina raina ni. A nan sarki nake, na zamanin da. Garuruwa sha biyu a hannuna. In na ga dama yau in naɗa ki uwar soro."

"Sarki mai silifa ɗaure da waya. Wancan jan abin da ke ƙiftawa fa?"

"Yunwa ce. Talakawa suna bore. Sau uku ke nan suna tuɓe ni, mutanen banza ne."

"Ko suna da gaskiya. Wane lokaci ne a ƙasar taka?"

Ya duba gefe. "Ruwa ya sauka, an fara shuka."

"Waɗannan da ka jera, kowa riƙe da mashi, fa?"

"Manoma ne na mayar sojoji. Zan ci garin maƙwabta."

Inna Altine ta dube shi tun daga hula har silifar.

"Da damina."

"Eh mana."

"Jikan manoma, an yanke maka cibiya a Madadi, ka kwashe maza daga gona ana shuka. Kakana ya ga yaƙin da. Sai hatsi ya shiga rumbu sannan ake buga ganga. Wa zai yi maka noman fari, aljanu? Mayar da su."

"Amarya, wannan ilimin mulki ne, ba daka ba."

"Mayar da su, na ce. Kana da rumbu?"

"Guda ɗaya. Da kuɗin na gina hasumiya."

"Sai su ci hasumiya. Ƙara biyu. Ka ware iri, kada soja ya kusance shi ko zai mutu."

Ya yi ta dannawa yana gunaguni, janareta na tari a waje. Gonakin suka yi kore, suka yi ruwan ƙasa. Can sai jan abin ya daina ƙiftawa. Tasi'u ya tsura wa gilashin ido. Da ya juyo, muryarsa ta sauka.

"Inna, me za ki ce wa Baba?"

Ta miƙe tana kakkaɓe zani, ba ta yi sauri ba.

"Gaskiya zan faɗa, ba zan yi ƙarya da furfura ba. Zan ce ba caca kake yi ba, noma kake yi, kuma ba ka iya ba. Gara a bar ka a nan kana kashe geron ƙarya da a kawo ka Madadi ka kashe mana na gaske."

Tasi'u ya kifa kai a tebur yana dariya har kafaɗunsa na rawa. Ya leƙa waje ya sayo goro fari manya biyu, ya durƙusa ya miƙa mata da hannu bibbiyu.

"Na sallama, ranki ya daɗe. Amma don Allah ki dawo ran kasuwa. Fari za a yi a ƙasar, kuma ban san me ake shukawa ba."