Fayil Ɗin 'Yar Baba

Idan ana lissafin mutanen da duniya ba za ta iya kwana ɗaya babu su ba, to a fara da Sarkin Fayil, sannan a zauna a huta kafin a nemo na biyu. Shekara goma sha huɗu yana riƙe da ɗakin ajiyar takardu na ma'aikatarsu, ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai kuka, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa fitar da ko ƙyallen takarda ba sai da sa hannunsa da hatiminsa. Abokan aiki ne suka laƙa masa sunan don tsokana. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, don a ganinsa gaskiya ce ta yi jinkirin fitowa. Makullai goma sha ɗaya ke rataye a ƙugunsa, ana jin zuwansa tun daga matakala.

Amma duk wannan girma na ofis somin taɓi ne. Ainihin sarautarsa tana gida, wajen 'yarsa mai shekara uku, wadda ake kira 'Yar Baba. Shi ya raɗa mata wannan laƙabi da kansa, tun ba ta da haƙoran da za ta yi gardama da su.

"Yarinyar nan," yakan gaya wa baƙi yana gyara zama, "ba ta iya cin abinci sai ina kusa. Idan na fita aiki, kuka take yi har in dawo. Wani abu ne tsakanin uba da 'ya wanda ba kowa ke da ilimin gane shi ba."

Matarsa ta san kukan yana ƙarewa ne daidai lokacin da babur ɗinsa ya sha kwana, amma mace ce mai tausayi, ba ta taɓa faɗa ba.

Da lokacin sa yarinyar a makarantar reno ya zo, Sarkin Fayil ya yi abin da ya iya: ya buɗe mata fayil. Kore ne, sabo fil, da sunanta a bango da manyan baƙaƙe, an ja layi biyu a ƙarƙashi da rula. Shafi goma sha ɗaya. Shafi na uku ya yi bayanin yadda ake yanka mata ayaba gida shida, ba biyar ba. Shafi na biyar ya lissafa abubuwan da take tsoro, har da kyankyaso da mutum mai dariya da ƙarfi. Amma zuciyar fayil ɗin shi ne shafi na bakwai, mai taken "Matakan Da Za A Ɗauka Idan Kukan Rabuwa Ya Tashi". Na ɗaya, a zaunar a kan kujera. Na biyu, a durƙusa daidai tsayin mai kuka. Na uku, a ba da ruwa. Na huɗu, a miƙa hankicin da ke cikin jaka, wanda ya fesa wa turarensa har sau uku. Na biyar, idan duk an gaza, kuma ya san za a gaza, a kira waya. Ya rubuta lambarsa da jan biro, ya ƙara ta matarsa a ƙasa da fensir, don cika ƙa'ida kawai.

Ya ɗauki hutun mako guda. Ranar Juma'a ya tara mutanen ofis ya yi musu jawabi. "Zan bar ku na kwana biyar," ya ce. "Na san abin da hakan ke nufi, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Ku daure. Akwai wata rai da ta fi ku buƙatata." Ya kwance makullan ya damƙa wa matar da ke buga musu takardu, ya tsaya yana kallonta har ta sa su a jaka ta ja zif.

Ranar Litinin ya tashi da sassafe ya goge takalminsa, ya sa rigarsa ta taro. Matarsa ta dube shi sama da ƙasa.

"Maigida, wai makarantar tata ce ko taka?"

"Ke ba za ki gane ba," ya ce. "Yau za a yi tashin hankali. Gara ki zauna a gida, zuciyarki ba za ta ɗauka ba."

Makarantar gini ne gajere mai hoton raƙumin dawa a bango, da lilo biyu da tulin yashi a tsakar fili. A bakin ajin kuwa ana ta fama. Wani yaro ya ƙanƙame ƙafar uwarsa, wata yarinya ta kwanta a ƙasa tana birgima, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Sarkin Fayil ya dube su da tausayi irin na manya. A ransa ya ce, wannan ai kukan 'yan koyo ne, bari tawa ta fara su ga yadda ake son uba.

Malamar ajin, wadda yaran ke kira Anti, mace ce mai sanyin murya da tabon fenti a gefen mayafinta. Ya miƙa mata fayil da hannu biyu.

"Malama, abin da ke hannunki aikin shekara uku ne. Ina ba ki shawara ki fara da shafi na bakwai, domin nan da minti biyu za ki buƙace shi. Kada ki ji kunyar kirana. Kowa da iyakar iliminsa."

"To, Yallaɓai, mun gode," ta ce, ta ɗora fayil ɗin a kan tebur, ta aza gwangwanin alli a kansa.

Ya durƙusa don yin bankwanar da ya kwana biyu yana haddacewa. Ya gyara murya, ya lumshe ido, ya fara: "'Yar Baba, a rayuwa akwai lokacin da..." Da ya buɗe ido, jakarta ce kawai a gabansa. Ita tana can kan tulin yashi, ta karɓi bokitin wani yaro tana ba shi umarni. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Mutum ƙarami da sai ya ji kunya. Sarkin Fayil kuwa nan take ya gano dalili. "Firgici ne," ya gaya wa tsohon maigadin makarantar a bakin ƙofa. "Irin wannan daga baya yake fashewa. Zan ɗan jira."

Maigadi ya matsa masa a kan benci. Da alama bencin ya saba ganin irinsa.

Ya zauna da waya a hannu, yana duba ta kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Duk kukan da ya taso daga ciki sai ya miƙe zumbur, ya kasa kunne, sannan ya koma ya zauna. Ya san muryar 'yarsa, kuma ba ita ba ce. Kada a tambayi mai ba da labarin nan yadda aka yi ya san cewa sau tara mutumin ya duba ko wayar ta mutu. Akwai abubuwan da mutum ke sani ba don an gaya masa ba.

Da rana aka tashi. 'Yar Baba ta fito riƙe da yatsan Anti, ta hango shi, sai ta fashe da kuka. Zuciyarsa ta yi fari tas. Ya juya ga sauran iyaye yana gyaɗa kai. "Kun gani? Tun safe take danne shi." Ya buɗe hannuwa. Ita kuwa ta rungume ƙarfen ƙofa tana cewa ba za ta gida ba, ba ta gama gininta ba. Sai da Anti ta yi mata alkawarin yashin zai kwana a nan, sannan ta yarda ta hau babur.

A gida komai ya koma "Anti ta ce". Ya ɗauko wuƙa zai yanka ayaba gida shida, ta fizge ayabar ta ɓare da kanta, ta ce Anti ta ce ita babba ce. Washegari da safe ya sunkuya zai sa mata takalmi, ta ture hannunsa, ta sa na dama a hagu, ta fita tana tafiya kamar agwagwa, da alfahari. Daga kicin ya ji matarsa tana tari, irin tarin da ake ɓoye dariya da shi.

Ranar Talata, yana kan bencin maigadi, ya kira ofis don ya kwantar musu da hankali. Mai buga takardu ta ɗauka.

"Af, ashe yau ma ba ka shigo ba?" ta ce. "Lafiya lau muke. Takardar nan ma da shugaba ya yi wata biyu yana nema, na same ta jiya a ƙarƙashin butar shayinka."

Ya ce layin ba ya da kyau, ya kashe.

Ranar Laraba ya kasa zama. Ya yanke shawarar cewa malamar tana ɓoye masa gaskiya ne don kare mutuncinta, kuma aikinsa ne ya bincika. Ya zagaya bayan ajin, ya sami bulo biyu ya ɗora, ya hau da rigarsa ta taro, ya leƙa ta taga.

Ga 'Yar Baba nan a kan tabarma. Kusa da ita yaron nan ne mai ƙanƙame ƙafar uwarsa, yana ta shessheƙa. Ta buɗe jakarta, ta zaro hankicin mai turare, ta kama haɓar yaron ta share masa hanci da kyau, kamar yadda shi yake yi mata. Tana cewa, "Yi shiru, za a zo a ɗauke ka."

A nan ne abin ya kama shi. Ya tuna ranar da aka miƙa masa ita a asibiti, duka tsayinta bai wuce daga tafin hannunsa zuwa gwiwar hannu ba. Ya gane cewa ba tsoron kukanta ne ya hana shi barin bakin ƙofar nan ba. Kukan yake jira. Shekara uku yana gaya wa duniya ba ta iya rayuwa babu shi, ga shi ta iya, har tana koya wa wani. Ya ji daɗi, ya ji zafi, kuma zafin ya fi yawa. Hawaye suka zubo masa a kan rigar taro, bai ma san sun zubo ba sai da bulo ya goce.

"Anti, wani mutum ya faɗi," in ji wata yarinya.

Malama ta fito ta same shi zaune a ƙasa, hula a gefe. Ba ta yi dariya ba, abin da ya sa har gobe yake ganin girmanta. Ta shigo da shi aji, ta zaunar da shi a kan kujerar yara, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Yara goma sha takwas suka kewaye shi suna kallo. Ta ɗage gwangwanin alli, ta ɗauko koren fayil, ta buɗe shafi na bakwai. Ta durƙusa daidai tsayinsa. Ta ba shi ruwa a kofin roba mai hoton zomo. Kafin ta kai mataki na huɗu, 'Yar Baba ta riga ta iso da hankicin, da ɗanyen aikin yaron a jikinsa, ta goge wa ubanta fuska.

"Anti, babana ne," ta ce. "Bai saba ba ne. Gobe zai saba." Ta dafa kafaɗarsa. "Yi shiru, Baba. Za a zo a ɗauke ka."

Ta koma wajen wasanta.

Malama ta bi shafin da yatsa har ƙasa, ta tsallake jan biro, ta kira lambar da aka rubuta da fensir. Da ta gama magana da matarsa, ta rufe fayil ɗin, ta miƙa masa da hannu biyu kamar yadda ya ba ta.

"Gaskiya, Yallaɓai, ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba," ta ce. "Kowane mataki ya yi amfani. Sunan da ke bango kawai za a gyara."