Gwamnan Iska da Kaskon Hajiya

Duk ƙasar Rano babu wanda ya san iska kamar Injiniya Munzali. Mu shaƙarta kawai muke yi, shi kuwa karatunta ya yi. Tun da ya dawo daga wani kwas a Abuja yake yawo da ma'aunin zafi rataye a wuya, inda wasu ke rataya carbi. In ka ce masa ya zafi, sai ya ɗaga ma'aunin ya duba kafin ya amsa. Mutane suka laƙaba masa Gwamnan Iska, shi kuma don tsabar tawali'u ya sa aka rubuta a bayan motarsa.

Da Alhaji Ishiyaku ya gina katafaren gidansa a Kibiya, Gwamna aka bai wa aikin sanyaya shi. Ya fara da liƙe tagogi kaf, domin a iliminsa taga ƙauyanci ce, ta nan iskar talakawa ke shigowa. Ya bi silin da bututu, ya kafa 'yan na'urori masu sansano hayaƙi, waɗanda da sun ji alamar gobara sai su saki ruwa daga sama. Hajiya Jumai, matar gidan, ta aiko a tambaye shi ta ina ake kashe abin. Ya ce a gaya mata wannan ba murhu ba ne, linzamin gidan duka yana cikin wayarsa.

Ranar walimar tarewa attajirai suka cika falo, ciki har da masu shirin gina irin wannan gida. Su ne Gwamna ya hango. Ya riga ma ya baza a gari cewa aikinsu ya zama nasa, har ya ɗinka sabuwar shadda. Ya miƙe ya gyara murya.

"Jama'a, a cikin gidan nan bazara ba ta da iko. Ni nake ce wa zafi tsaya, ya tsaya. Gida ne mai tunani, ba ya jiran umarnin ɗan Adam."

Ganga in ta cika zaƙi, an san makomarta. Abu ɗaya ne ba a koyar a kwas ɗin Abuja ba: mace ba ta tarbar manyan baƙi babu turaren wuta. Sai ga kasko daga cikin gida, hayaƙi na tashi gwanin ƙamshi.

Gidan ya yi tunani.

Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, kan rawuna, kan darduma, kan farfesun kaji. Babu tagar buɗewa. Gwamna ya laluba aljihu ya zaro wayar, linzamin gidan, ya tarar ta sha ruwa ta ƙoshi. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, amma ya daure ya sanar da jama'a cewa gwaji ne, kuma an yi nasara.

A ƙofar gida attajirai suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, ko kallo bai ishe su ba. Alhaji Haliru na Fassi ne kaɗai ya tsaya yana matse hularsa, ya ce wallahi aikin ya burge shi, yana so a yi masa irinsa. Zuciyar Gwamna ta yi fari, ya tambayi ɗaki nawa ne.

"A'a, gonar albasa ce, Injiniya. Ka lissafa min, kasko nawa za ta ci?"