Ranar Da Iya Talatu Ta Sallama Mijinta

Wanda bai zo majalisarmu ta bakin shagon Cosmas mai kayan gyaran babur ranar Litinin ba, ya yi asarar kallo. Zakiyyu ne, jikan maƙwabciyata Iya Talatu mai man gyaɗa, ya ɓullo mana da kwat da rana tsaka, wai yana jiran waya daga Legas. Digiri na biyu yake nema a wata makarantar koyon kasuwanci. Ni dai ban san ana zama a aji don saye da sayarwa ba, amma an ce akwai.

Makarantar ta ce duk mai nema sai ya kawo wanda ya yi wa aiki ya ba da shaida a kansa. Shi kuwa tun da ya gama bautar ƙasa ba wanda ya yi wa aiki sai kakarsa. Shi ke ɗaura jarkokin manta a babur ya kai Mashi da Dutsi da Baure. Sai ya ba su lambarta, ya ce ita ce shugabar kamfani.

Wayar na shigowa ya buɗe murya don mu ji yadda ake Turanci. Wata Madam Ursula ce. Tana magana fuskarsa na sauka. Kafin ya kai hannu ya rage muryar, Cosmas ya riga ya kwashe, ya juyo ya fassara mana: matar ta ɗan tsinci Hausa lokacin da ta yi bautar ƙasa, ta kira shugabar kamfani, shugabar kuwa ta ce Zakiyyu mijinta ne, ba ya ciyar da ita, kuma ɓarawon ƙuli-ƙuli ne.

Har mai shayi sai da ya ajiye buta ya riƙe ciki. Madam ba ta san wasan jika da kaka ba, ita dai abin da ta ji ta rubuta. Da ƙyar Zakiyyu ya roƙe ta, ta ce za ta sake kiran tsohuwar gobe da hantsi, daga nan kuma babu ƙari.

Washegari na ja tabarmata kusa da zauren Iya, inda take zama da kwalaben manta. Na iske ita da Zakiyyu sun yi nisa da gaisuwa.

"Lafiya lau, amarya. Ya gajiyar ɓata min suna?"

"Babu gajiya, maigida. Ai sunan ba shi da nauyi, da hannu ɗaya na ɗauke shi."

"Mata daga Legas ta kira ki, ki rasa abin faɗa sai ɓarawo?"

"Tambayata ta yi wane ne kai a wurina. In ce me? Limami?"

"Sai ki ce ma'aikacinki ne."

"Ma'aikacin da sai na buga ƙofa da muciya yake tashi? Tsaya ma tukuna, me ka ce musu kai ne?"

"Manajan rarraba kaya na shiyyar Daura."

"Shiyya. Da wannan babur ɗin da sai yaran unguwa sun tura?"

"Sashen sufuri ke nan."

"Tumakin bayan gida fa?"

"Sashen zuba jari."

"Ni kuma?"

"Shugabar kamfani."

"Ikon Allah. Shugaba guda, ga ni ina kankare kasko da farce. To ranka ya daɗe, me za su koya maka can wanda ya fi ƙarya? Don ita kam ka haddace."

"Za su koya min yadda ƙaramar sana'a ke zama babba. In na dawo, injin matsar mai za mu kafa, ki huta da murza tunkuza. Hannun nan naki ya koma kamar saiwar kuka."

"Da hannun aka yi maka wankan jego, mara kunya."

"Shi ya sa har yau fatata ba ta dawo daidai ba."

Iya ta ɗauki mafici ta kai masa, ya goce. Ya gyara tsuguno, ya rage murya, amma ni kunnena lafiya lau yake.

"Iya, don Allah. Yau kaɗai. In ta kira ki ce ina da ƙoƙari, ina da gaskiya. Magana biyu."

"A'a. Ni ba na yabon nawa."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko rabin sau. Haulatu ta bayan masallaci ta zauna a gidan suna tana yabon jikanta, wai shi ne na ɗaya a aji. Sati bai zagayo ba ya faɗo daga kan mangwaro. Baki ba ƙarya ba ne. In yabe ka a waya, iska ta ɗauka ta bi da shi Kano da Zariya har Legas, kowa ya sa kunne? Kana isa tasha za ka karye."

"To zagin da kike min fa?"

"Shi ke tsare ka. Ka taɓa ganin ka yi ko zazzaɓi mai kwantarwa?"

"Ashe magani kike ba ni."

"Safe da yamma, kyauta."

Zakiyyu ya duba wayarsa, ya duba rana. Ya cire hula ya ajiye, ya miƙe ƙafa a kan tabarmarta kamar wanda ya zo kwana.

"Shi ke nan, na fasa. Dama wa zai bar amarya irinki ya tafi wani gari? Ina nan. Kokon safe nawa, tuwon rana nawa, ɗumame nawa. In na yi aure ma nan zan kawo ta, mu haifa miki goma, duk masu irin cikina."

"Kai, tashi min daga tabarma."

"Ina zan je? Ba ni da makaranta."

Iya ta dubi tiren ƙuli-ƙulinta, wanda hannun Zakiyyu ya riga ya fara lallaɓawa wajensa. Ta janye tiren ta ɗora a cinya.

"Ko da zan so rabuwa da kai, yabo ne ba zan yi ba."

"To kada ki yabe ni. Ki sayar da ni."

"Kamar yaya?"

"Kamar ragon nan mai tari da kika kai kasuwa bara. Audi mahauci ya ce yana tari, kika ce gyaran murya yake. Ya saya, har yana miki godiya. Baki ya kama ragon?"

"Wuƙa ce ta kama shi."

"To kin gani. Yabon haja ai ba yabo ba ne, ciniki ne."

Iya ta dube shi tun daga kai har ƙafa. Ta sa hannu ta ɗaga leɓensa ta leƙa haƙora, ta matsa kafaɗarsa, ta taɓe baki.

"Ba kitse. Amma na sayar da wanda ya fi ka lalacewa."

Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara daga cikin lalita. Zakiyyu ya danna mata, ya buɗe murya.

"Mama, ina kwana? Ni ne Ursula. Zakiyyu, shi mijinki ne gaskiya?"

"Ɗan ɗana ne, 'yar nan. Mu nan haka muke ce musu don kada kansu ya yi girma. Ke dai ki ce kina so ko ba kya so, don akwai masu tayawa."

"Yaya aikinsa?"

"Lafiyayye ne, haƙoransa duk suna nan. Ba ya zaɓen abinci. In kika sake shi da safe, da kansa yake dawowa gida, ba sai an bi shi da igiya ba. Damina ko rani, hanyar Baure ko ta cika da ruwa, sai ya kai kaya."

"Yana da gaskiya?"

"Jarkar da ta fita cike, cike take isa. Ban taɓa sa mata alama ba."

Zakiyyu ya ɗago kai ya dube ta. Ta harare shi, ta juya masa ƙeya.

"Ya taɓa kawo sabon dabara?"

"Ya cika shisshigi dai. Da ina zaune sai wanda ya zo. Shi ya bi masu ƙosai da masu awara na Mashi da Dutsi gida gida, ya ce su daina wahalar zuwa, duk ranar kasuwa zai kai musu har bakin murhu. Yanzu ya ja min aiki, mata uku nake ɗauka suya, ba na samun barcin rana."

"To mene ne matsalarsa?"

"Ci da surutu. Kada ki ajiye shi kusa da abin taunawa. Ban da wannan ko tari ba ya yi."

Muka ji Madam na dariya can cikin wayar.

"Na gode, Mama. Za mu duba."

"Albarka."

"Mama?"

"Na ce albarka. Dubawa ba tayi ba ne. Ƙara dai."

Zakiyyu ya dafe kai, yana yi mata alama da hannu ta yi shiru. Ko kallonsa ba ta yi ba. Muka ji motsin takarda daga wajen Madam.

"To, Mama. Za mu kira shi ya zo ganawa, wata mai zuwa."

"Na sallama. Allah ya sa alheri. Amma ki sani ba a dawo min da kaya."

Wayar na mutuwa Iya ta yi istigfari, ta tofa a gefe, ta ce duk abin da ta faɗa bakin ciniki ne, kada wani ya riƙe ta da shi. Ta ɗebi ƙuli-ƙuli cike da hannu ta zuba masa a hula, tana dariya har ɗankwalinta na zamewa.

"Ungo guzuri, ka tafi can ka cinye su. Yau na rabu da kaya mafi wuyar fita a gidan nan."

Zakiyyu ya jefa ɗaya a baki, ya tauna a hankali, ya miƙe yana kakkaɓe kwat.

"Ni kam na samu masaya, amarya. Ke ce abin tausayi, yanzu sai an nemo miki wani mijin. Na kuwa duba duk darussan makarantar, babu inda ake koyar da yadda za a tallata irin wannan tsohon kaya."