Hannun Manaja

Manaja irin Sai-Ni ba kowane kamfani ke dace da shi ba. Mutum ne mai tsafta, da kan yatsu biyu yake gaisawa, ya bi da hankici. Ma'aikata sun raɗa masa sunan ne don girmamawa, tunda duk aikin da aka tambaya wa zai iya, amsarsa ɗaya ce.

Shi ya kawo na'urar duba tafin hannu, aka kafa ta a ƙofar shiga. Ya tara ma'aikata ya yi jawabi.

"Kati yana ɓata, fuska tana kama da fuska, amma tafin hannu ba shi da ɗan'uwa. Daga yau babu mai shiga da sunan wani. Kuma ba a ƙara suna, ba a gogewa, sai da hannun manaja."

Aka tafa. Da aka zo rajista, ya ga leburori suna ɗora hannuwa masu gumi a kan gilashin. Ransa ya ƙi. Ya jawo direbansa, wanda ƙanin matarsa ne, ya ce ya ɗora nasa a sunan manaja. Babba ai wakilci yake sawa.

Tsarin ya yi kyau ƙwarai. Kullum direba ya riga shi zuwa ƙofa, na'ura ta ce, "Barka da zuwa, Manaja," shi kuma ya wuce da hannuwa a baya yana gyaɗa mata kai.

Wata rana direban ya kira shi "Yaya" a gaban baƙi. Sai-Ni ya kore shi nan take, domin horo ba ya duba dangantaka.

Washegari sabuwar mai kamfanin ta zo ziyarar farko, don ta ga wanda za ta riƙe da wanda za ta sallama. Sai-Ni ya tare ta a ƙofa. Kafin a gabatar da shi ya fara bayanin fasaha, ya naɗe hannun riga, ya ɗora tafinsa.

"Ba a san ka ba," in ji na'ura.

Ya goge, ya sake. Ya gwada na hagu. Ya tambaye ta ko ta san da wa take magana. Ta maimaita.

Ya koma bayan mota ya kira matarsa a waya da ƙaramar murya, ta roƙo masa ƙaninta. Aka yi ta jira a rana. Can sai ga direban cikin kayansa na biki, yana tafe ba gaggawa. Ya ɗora hannu.

"Barka da zuwa, Manaja."

Mai kamfanin ta yi murmushi. "Ashe kai ne. Wannan mai hayaniyar fa?"

Direba ya dubi Sai-Ni sama da ƙasa.

"Mijin yayata ne, ranki ya daɗe. Yakan ɗan rako ni aiki."